Wai da gaske akwai direban da ya tuƙa Le Mans shi kaɗai har kusan awa 24?

DirebanDare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba gwanin rubutu ba ne, yarona ne ya buɗe min wannan zaure a waya, in na yi kuskure a yafe.

Shekara 19 na yi ina tuƙin dare tsakanin Kano da Legas. Da J5 na fara, daga baya na koma babbar bas, har sai da gwiwa ta ce ta gaji na dawo jigilar cikin gari. Shekaranjiya da daddare babban ɗana ya zo ya zauna gefen tabarmata ya nuna min wani tsohon bidiyo, baƙi da fari, na tseren motocin da ake yi a garin Le Mans na Faransa. Motoci jere a gefe guda na titi, direbobi tsaye a ɗaya gefen kamar 'yan firamare ranar wasanni. Ana sauke tuta sai kowa ya sheƙa da gudu ya faɗa motarsa ya ba ta wuta. Ya ce ana tashi ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, ba a gamawa sai ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, ana ta zagaya hanya ɗaya, wanda ya fi kowa cin nisa shi ne zakara. Wannan bai dame ni ba, Bature in ya ƙoshi babu abin da ba zai ƙirƙiro ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ya ce wai an taɓa yin wani Bafaranshe da ya hana abokin tuƙinsa mota. Ya riƙe sitiyari shi kaɗai dare da rana, yana kan gaba, sai injin ya mutu ana dab da tashi.

Ni fa na san dare. Na san abin da ke samun idon mutum tsakanin Tegina da Mokwa idan ƙarfe uku ta gota. Ka ci goro har haƙoranka su yi tsami, ka sauke gilashi iska ta mare ka, ka ƙure ƙarar rediyo, duk da haka sai kututturen bakin hanya ya riƙa zame maka mutum a tsugune. Akwai lokacin da za ka farga ka wuce ƙauye guda ba ka san ka wuce shi ba, idonka a buɗe amma kai ba ka nan. Shi ya sa mu biyu muke tafiya, da 'yar katifa a bayan kujera. Kuma mu gudunmu nawa ne? In ka taka 110 da lodi fasinja sun fara salati. Su kuwa waɗannan, yadda na ga suna wucewa a bidiyon, ko ƙifta ido mutum ya yi ba a kan lokaci ba ya tafi.

To masana, gaskiya ne ko yaron nan shirgi ya yi min? In gaskiya ne, wane ne mutumin, kuma me ya hana shi sauka? Ni dai a tasharmu direban da ya hana mataimakinsa sitiyari sunansa mai son kai, ba mu da wani suna da muke ba shi.

Baba_Fanteka ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam direba. Ɗanka bai yi maka ƙarya ba, rabin labari dai ya ba ka.

Ni bakanike ne, a kan 404 da 504 na koyi aiki a Kaduna. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da tsofaffin mujallun mota cike da kwali a ƙarƙashin benci, da su na koyi ɗan Turancin da nake ji, kuma tun daga nan ciwon Le Mans ya kama ni.

Ka fara gane abin da ya sa aka ƙirƙiro tseren. A 1923 aka fara shi, kuma ba don a ga wa ya fi gudu ba. So ake a ga wace mota ce za ta kwana tana aiki ba ta watse ba: fitila, birki, taya, inji, a kan titunan ƙauye waɗanda jama'a ke bi sauran ranakun shekara. Motar da ta ci na farko, Chenard-Walcker, kilomita 2,209 ta yi. Dokokin ma irin na ɗan hanya ne. In mota ta lalace, da kayan aikin da ka ɗauko a cikinta za ka gyara. In ka tsaya shan mai sai ka kashe inji, kuma dole ya tashi da kansa, babu turi. Direba biyu ake rubutawa, amma yadda za su raba aikin ya rage nasu, babu mai tsaya musu da agogo. Ta wannan ƙofar masu taurin rai suka shigo, kuma ba mutum ɗaya ba ne.

A 1949, tseren farko bayan yaƙin duniya, Luigi Chinetti ya ci da wata 'yar ƙaramar Ferrari mai inji lita 2. Mai motar, wani basaraken Ingila, Lord Selsdon, awa ɗaya da 'yan mintuna kawai ya tuƙa, sauran duk Chinetti ne, yana da shekara 47. A 1950 Louis Rosier ya ci da Talbot-Lago. Abokin tuƙinsa ɗan cikinsa ne, Jean-Louis, kuma zagaye biyu tak yaron ya samu. Wani ƙarfe ya karye a kan injin da asuba, uban ya sauko ya canza shi da hannunsa. Cikin dare kuma mujiya ta faɗo masa ta fasa ɗan gilashin gaban. A wurinmu da an ce a juya gida, tafiyar ba ta da sa'a. Shi ya ci gaba, ya gama da kilomita 3,465. A wannan shekarar dai akwai wani ɗan Ingila, Eddie Hall, da tsohuwar Bentley ta shekarun 1930. Shi ne ya yi awa 24 ɗin cur, bai ba kowa ba, abokin tuƙinsa na zaune a rumfar gyara yana kallo har aka tashi. Na takwas ya zo, shi ya sa ba a cika tuna shi ba.

Wanda ɗanka ke nufi kuwa Pierre Levegh ne, 1952. Sunansa na yanka Pierre Bouillin, Levegh ɗin laƙabin kawunsa ne wanda ya yi tsere tun farkon zuwan mota. Talbot-Lago ce mai silinda shida, lita 4.5, kuma tasa ce ta kansa, ba ta kamfani ba. Abokin tuƙinsa René Marchand. Duk tsayawar da za a yi shan mai Marchand ya shirya zai karɓa, Levegh ya ƙi tashi daga kujera. Gari ya waye yana gaba, rana ta take yana gaba, ya ba Mercedes biyu na kamfani tazarar zagaye huɗu. Ka tuna shekara bakwai ke nan da gama yaƙi, filin cike da Faransawa, Bafaranshe a motar Faransa ya tsere wa Jamusawa. Saura awa ɗaya da 'yan mintuna injin ya fashe. Mercedes 300 SL ta Hermann Lang da Fritz Riess ta wuce ta ci.

A kan dalilin, masu ba da labari sun rabu biyu. Wasu sun ce gajiya ce ta sa ya kuskure giya, ya jefa mota a ƙaramar giya tana cikin gudu, inji ya yi ihun da ya fi ƙarfinsa. Wasu kuma sun ce tun cikin dare ya ji wata jijjiga a injin, agogon da ke nuna juyin inji kuma ya mutu, da kunne yake lallaɓa ta, ya san in ya ba wanda bai ji abin da ya ji ba zagaye kaɗan za ta yi.

Ni na biyun na fi karkata gare shi, kuma sana'ata ce ta sa. Sau nawa direba ke kawo min mota ya ce Baba akwai wani sauti, in sa kunne in ji shiru, in zagaya da ita in ji shiru, in ce masa tsoro ne kawai, bayan kwana uku a jawo ta da igiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba lallai ɗaya ta kore ɗaya ba: yana iya yiwuwa ya yi awa goma yana jinyar inji da kunne, sannan a awa ta 23 hannu ya ci amanarsa.

Bayan nan ne masu shirya tseren suka sa doka a 1953, direba ba zai wuce awa 18 ba gaba ɗaya. Yau direba uku ne a kowace mota, babu mai wuce awa 14, kuma ba ka yin fiye da awa 4 a cikin kowace awa 6.

Matashi917 ya amsa:

Baba a gafarce ni, amma kamar kana wanke shi da yawa. Ba shi ne Levegh ɗin da motarsa ta faɗa cikin 'yan kallo a 1955 ba? Mutum fiye da 80 suka mutu, har yau ba a taɓa yin hatsari irinsa a tseren mota ba. Shekararsa 49 a lokacin, an ɗora shi a kan Mercedes 300 SLR, motar da manyan direbobin zamanin, su Fangio da Stirling Moss, ke tuƙa irinta. Ni a ganina hali ɗaya ne, wanda ya hana shi sauka a 1952 shi ya hana shi cewa wannan motar ta fi ƙarfina. Baba direba ya faɗi gaskiya, son kai ne.

Baba_Fanteka ya amsa:

Ɗana, shi ne. Amma kafin ka ɗora wa mamaci gawa 80, tsaya ka ji yadda abin ya auku, don maganar birki ce kafin ta zama maganar hali.

A Le Mans akwai wani miƙaƙƙen titi da ake kira Mulsanne, kusan kilomita 6 babu kwana a wancan zamanin. Motocin 1955 suna haura 250 a kansa, a ƙarshensa kuma kwana ce mai kaifi wadda sai ka sauko kamar za ka shiga shataletale. Wannan taka birkin za ka yi shi kusan sau 300 kafin a tashi. Tsohon birki mai kwano, irin na ƙafar bayan motocinmu, in ya yi zafi sai ya daina kamawa, Malam direba ya san wannan a gangara da lodi. Jaguar ta zo da birkin faifai, da shi ta ci a 1953. Mercedes kuwa a 1955 tana nan da mai kwano, sai suka ƙara mata wani murfi a baya wanda direba ke ɗagawa ya tare iska. Wato a titi ɗaya akwai motar da ke iya tsayawa nan take, akwai wadda ba ta iyawa, ga kuma ƙananan motoci da ba su kai su gudu ba ko kusa.

Ranar 11 ga Yuni, wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, Mike Hawthorn a Jaguar yana fafatawa da Fangio. Ya sha gaban Lance Macklin mai ƙaramar Austin-Healey, sai ya taka birki zai shiga rumfar gyara, wadda a lokacin ko shinge babu tsakaninta da titin tsere. Macklin ya ga zai dake shi, ya kauce hagu. Levegh na tafe ta hagun da gudun da ya kai 240. Bayan Austin-Healey a gangare yake, sai ya zame wa Mercedes matakala, ta tashi sama, ta daki tudun ƙasar da ya raba titi da jama'a, ta tarwatse. Inji da ƙafar gaba da murfin inji suka ratsa cikin mutane. Jikin motar da sinadarin maganiziyam aka yi shi don rashin nauyi, shi kuwa in ya kama wuta ka zuba masa ruwa ƙara masa ƙarfi kake, kuma ruwan aka zuba.

Faɗa min, a cikin wannan daƙiƙa ɗaya, me ɗan shekara 25 zai yi wanda Levegh bai yi ba? Fangio da ke bayansa ya sha faɗin cewa Levegh ya ɗaga hannu ya gargaɗe shi, shi ya sa ya tsira. Binciken hukuma bai kama direba ko ɗaya da laifi ba, tsarin filin ya zarga, filin da aka shata tun motoci ba su kai rabin wannan gudun ba. An rushe wajen an sake gina shi kafin tseren 1956. Kuma ba roƙon kujerar ya yi ba, Alfred Neubauer, shugaban tawagar Mercedes, shi ya tuna mutumin da ya kusa kunyata su a 1952 ya neme shi.

Abin da har yau ke min nauyi shi ne ba a tsayar da tseren ba. Hujjarsu wai in taron ya watse lokaci guda motocin asibiti ba za su sami hanya ba. Mercedes ta janye motocinta bayan tsakar dare alhali Fangio da Moss ne a gaba, a ƙarshen shekarar ta bar tsere baki ɗaya na tsawon shekaru. Hawthorn ya ci. Ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tseren a ƙasarta, dokar ta yi shekara fiye da 60.

ƊanAgadas ya amsa:

Salamu alaikum ƴan'uwa na Najeriya. Da farko dai ku daina wahalar da bakinku, Faransawa ba su furta s ɗin ƙarshen Le Mans.

Ni abin da ya jawo ni zancen nan gudun da Malam direba ya gani ana yi zuwa mota. Mutumin da ya kashe wannan al'adar mun san sunansa a Agadas tun muna ƴan lakwal, Jacky Ickx, ɗan Beljiyam. Ba don Le Mans muka san shi ba, don tseren hamada na Paris-Dakar ne, da a wancan zamanin ke ratsowa ta garinmu cikin sanyin Janairu, gari ya cika da kamiyo da babura da jirage. Shi ya ci na 1983 da Mercedes 280 GE, a 1986 ya zo na biyu da Porsche 959. Sai da na girma na gane cewa mutumin da muke bin motarsa da gudu cikin ƙura ya ci Le Mans sau shida.

Matsalar gudun nan ita ce bel. Wanda ya ruga ya faɗa mota ba zai tsaya ɗaure kansa ba, sai ya fizge ta, ya bari sai ya hau Mulsanne ya riƙa laluben bel da hannu ɗaya. A 1968 wani ɗan ƙasarsu Ickx, Willy Mairesse, ƙofarsa ba ta rufu da kyau ba, ya yi hatsari a zagayen farko, bai sake tsere ba. To a 1969 da aka sauke tuta kowa ya ruga, Ickx sai ya taka a hankali ya tsallaka titi, har motocin da suka riga tashi suka kusa kwashe shi. Ya zauna, ya ɗaure bel ɗinsa tsaf, ya tashi a ƙarshen kowa. Kafin a gama zagayen farko John Woolfe, ɗan Ingila da ya sayi sabuwar Porsche 917, ya yi hatsari motar ta jefo shi waje ya mutu. Bai ɗaura bel ba.

Motar Ickx tsohuwa ce, Ford GT40 mai launin shuɗi da ruwan lemo, ita ce dai wadda ta ci a 1968, kowa na ganin zamaninta ya wuce. Porsche 917 ta Vic Elford da Richard Attwood ta yi nisa a gaba har awa ta 21, sannan ta lalace. Aka bar Ickx da Hans Herrmann mai Porsche 908. Ickx shekara 24, Herrmann 41. Awa ta ƙarshe suka yi ta karɓe gaba daga hannun juna. A zagayen ƙarshe Ickx ya sassauta a farkon Mulsanne kamar isansi, wato fetur, ya ƙare masa, Herrmann ya wuce, shi kuma ya lafe a bayansa inda iska ba ta dukansa, dab da ƙarshen titin ya fito ya sha gabansa. Da tazarar mita 120 ya ci, bayan tafiyar kusan kilomita 5,000. Daga 1970 aka daina gudun ƙafa, direba na zaune a ɗaure ake tashi. Herrmann kuma ya dawo a 1970 ya ci da 917 cikin ruwan sama, nasarar Porsche ta farko, ya ajiye tsere don ya yi wa matarsa alkawari.

Kada wani ya zo ya ce min tafiya sannu sannu kwana nesa. Sannun Ickx ta ƴan daƙiƙu ce a bakin titi. Sauran awa 24 ɗin shi da abokin tuƙinsa Jackie Oliver ba su raga wa motar nan ba.

MalamarLissafi ta amsa:

Ni ban san mota ba, lissafi nake koyarwa, amma na ga kuna ta jefa lambobi sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Baba direba, ga shi a ma'aunin da ka sani. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Motar 1923 ta yi zuwa da dawowa da ɗan ƙari, gudunta in an raba 92 a awa, wato da kun jera da ita. Rosier mai mujiya ya yi zuwa uku da rabi, 144 a awa, har da lokacin da ya ɓata yana gyara. Ƙanena mai son Porsche ya ce in ƙara muku da ta 1971, Helmut Marko da Gijs van Lennep a 917, kilomita 5,335. Wannan 222 ne a awa, da shan mai da canjin taya duk a ciki, zuwa Legas sau biyar har da canji, kuma sai 2010 aka karya shi.

Mita 120 ɗin Ickx kuwa, ga motar da ke gudun 200, daƙiƙa biyu ce da ɗan ɗigo. Ɗaure bel ɗin da ya tsaya yi ya fi haka daɗewa.

DirebanDare ya amsa:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Malama, wannan lissafin naki na karanta wa abokaina a tasha, wani ya ce ai ko aljani ba zai je Legas sau biyar a kwana ɗaya ba.

Baba_Fanteka, maganarka ta kunne ta tono min abin da na binne. Na zo nan na ce mai hana sitiyari mai son kai ne, alhali ni ma an taɓa kira na da sunan.

Wata shekara da damina, mun taso daga Kano da cikakken lodi. Mun wuce Kaduna lafiya. Wajen Tegina na fara jin wani abu, ba ma sauti ba ne sosai, a tafin ƙafata nake jin sa ta totur, kamar ana kaɗa cokali a cikin bargo. In na wuce wani gudu sai ya fito, in na sauko kaɗan sai ya ɓuya. Na gano daidai inda yake ɓuya na zauna a wurin. A Mokwa ya kamata in ba mataimakina. Yaro ne mai kirki, amma ƙafarsa na da nauyi, kuma irin waɗanda ke son su ji inji na kuka kafin su canza giya. Muka sha shayi, ya wanke fuska ya zagayo ɓangaren direba, na ce koma ka kwanta. Ya ce Oga lafiya? Na ce lafiya lau. A Jebba ya sake tasowa, na sake kora shi.

Me ya sa ban gaya masa ba? Na yi ta tambayar kaina. Ɗaya dai, fasinja na kujerar gaba kunnensu a buɗe yake, ka ce inji na da matsala a tsakiyar dajin nan ƙarfe uku na dare ka ga yadda mota za ta rikice. Na biyu, ko na gaya masa ba zai ji abin da nake ji ba, zai ce to, ya karɓa, bayan minti goma ƙafarsa ta koma halinta. Abin ba ya faɗuwa da baki. Na uku kuma, tunda Allah na gani, akwai son a ce ni na kai ta. Wannan ma yana ciki, ba zan ɓoye ba.

Mun shiga Ilori da hantsi, na sauka ƙafafuna na rawa kamar na mai zazzaɓi. Bakanike ya kwance ƙasan injin ya nuno min ƙarfen da ya cinye saura ƙiris, ya ce wa ya tuƙo wannan? Ni na ji daɗi. Amma ban manta ba, tsakanin Jebba da Ilori sau biyu ina farkawa ina ganin taya ta taka ƙasar gefen titi, da rai sama da hamsin a bayana. Da a ɗaya daga cikin biyun nan ban farka ba, da ba wanda zai ce ina jinyar inji ne. Yaron kuwa ya bar ni bayan wata biyu, ya ce a tasha wai ba na sakin sitiyari. Har yau bai san dalili ba.

Don haka Matashi, na janye kalmata a kan Levegh, amma ban ce dokar awa 18 ba ta yi daidai ba. Da ni ne mai motar da na tuƙa daren nan, da na kori kaina.

Saura tambaya ɗaya Baba, kuma a yi haƙuri da ita, tambayar direba ce. Shi wannan Eddie Hall da ya yi awa 24 bai ba kowa ba, yaya ya yi da fitsari? Mu ko ba komai muna tsayawa a Mokwa.

Baba_Fanteka ya amsa:

Malam direba, ba kai ka fara tambaya ba. Wani ɗan jaridar mota na Ingila, Denis Jenkinson, ya taɓa yi masa ita. Hall ya ce masa ai shi ya sa ya sa korayen tufafin aiki.